Abin da Aka Zuba wa Malaman San Optaciano

Ranar Alhamis ɗin da Señora Gauto, mai duba makarantun yankinmu, ta zo kama malamanmu da ƙaryar ciwo, ita ce ta koma gari tana tsayar da mota a bakin kowace gona tana faɗawa daji a guje. Direbanta ya ce daga baya ko takalmi ba ta tsayawa sawa. Kafin yamma tana kwance a asibitin gari an ɗaura mata ruwa, Profe Liduvina a gadon da ke kusa da ita, Profe Wilfrido kuma a kan benci, don gadajen sun ƙare.

Malamai biyun nan su ne duk abin da makarantar San Optaciano take da shi, kuma tun bara ciwo yake kwasar su. Yau wannan, jibi wancan, wani lokaci duka biyun. In ɗaya ya kwanta sai a cusa yara duka a aji guda, manya suna cin zalin ƙanana, ba mai jin komai. In duka biyun suka kwanta sai ƙofa ta wuni a kulle, don a gari suke zaune, makulli kuma yana jakar Profe Liduvina. Akwai yaran da suka kai aji huɗu ba su iya karanta sunan da ke jikin buhun taki ba. Mutanen ƙauyenmu kuwa, waɗanda rabinsu da babban yatsa suke sa hannu, sun daɗe da yanke hukunci: malaman nan ragwaye ne, albashi suke ci a kwance. Su suka kai ƙara har aka turo Señora Gauto ba tare da an sanar da kowa ba. Ta iso da hantsi ta tarar da malamai a ƙarƙashin mangwaro suna shan tereré, shayin ganye mai sanyi da muke zuƙa daga ƙaho ɗaya, aka miƙa mata ƙahon kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, ta zuƙa sau uku ko huɗu tana yi musu faɗa.

Ni ce nake daka ganyen da ake zubawa a ruwan tereren. Sunana Zunilda, kuma ba a taɓa jin wani ya sha ganyena ya yi ko gyatsa mai ɗaci ba.

*

Juma'a, rana ta ɗaga sosai, Ofisa Cubilla ya shigo ƙauye a kan babur da labari. Likita ya ce ba ciwo ba ne, zuba musu wani abu aka yi. Ban san wa ya kira mutane daga gonaki ba, amma kafin in ɗauraye hannu ƙofar gidana ta cika. Jikata Noelia, wadda nake riƙo tun uwarta ta tafi aikatau Argentina, ta dawo tun da safe ta ce makaranta a kulle take. Tana jin hayaniya ta shige bayana ta riƙe mini siket.

Don Herminio, shugaban ƙungiyar iyaye, shi ne a gaba, ya cire hula kamar mai zuwa ta'aziyya.

“Ña Zuni, ba mu zo da faɗa ba.”

“To da me kuka zo, da waƙa?”

“Ofisa, ka duba da kanka,” ya juya ya bar ni. “Ruwa da ƙanƙara, kowane mako gida ɗaya ne yake kai wa malamai, juyi-juyi muke yi. Sun kwanta a makon gidana, sun kwanta a makon gidan Fidelina, sun kwanta a makon wasu. Masu ruwa suna canjawa. Abu ɗaya ne ba ya canjawa.”

“Mai ganye,” in ji wata daga baya.

“Wa ya yi maganar nan? Fito in ga bakinki.”

Ofisa ya tambaye ni ko na san abin da zai sa mutum amai da gudawa haka cikin sa'o'i kaɗan. Da ina da wayo da na ce ban sani ba. Amma raini ya ɗebe ni, na ce ko jaki ya san wannan aikin 'ya'yan binidazugu ne. Sai kowa ya juya ya kalli shingena, wanda binidazugu ne daga farko har ƙarshe, kamar shingen kowane gida a San Optaciano.

“Litinin zan zo da mota,” in ji Ofisa yana goge wuya. “Señora Gauto ta ce sai ta ga wani a kulle. Ki shirya kayanki, Ña Zunilda.”

“Yarinyar fa?”

“Wannan na hukumar yara ne.”

Na nemi idon komadrena Fidelina a cikin taron. Ita ta riƙe Noelia ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna komadre, tare muke yanka alade, tare muka wanke gawar mijina. Ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. Na ɗauka kunya ce take ji a madadina, har na ji tausayinta.

*

Ofisa Cubilla ba ya son rana, ba ya son tafiya a ƙasa. Don a ce an yi bincike, sai ya ɗora aikin a kan Don Cantalicio, mai bin sawun shanun sata. Tsoho ne dogo mai baƙin girman kai, wanda in ya gano maka saniyarka sai ka biya shi, sannan ka saurari labarin yadda ya gano ta har ka gwammace da ta ɓata. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, ba shi da gonar riɗi, kuma tun muna matasa ba ma ga-maciji.

Ya same ni a tsakar gida ina zaune kamar an dasa ni.

“Tashi ki ɗauko gorar ruwa, Zunilda. Tare za mu tafi.”

“Ni da ake zargi?”

“Shi ya sa. In kina gabana ba za ki gudu ba. Kuma ke za ki fara sha kafin ni.”

“Da ina da niyyar kashe ka, Cantalicio, da ka daɗe da zama taki.”

Muka nufi makaranta. Daren jiya an ɗan yi yayyafi wanda ya jiƙa jar ƙasarmu ya shafe ta tas, sannan rana ta fito ta gasa ta. Duk abin da ya taka ta da sassafe yana nan a zane. Yana isa ƙofar shinge ya miƙa sandarsa ya tare ni, ya tsuguna. Ya daɗe a nan, har na fara zargin gwiwa ce ta ƙi tashi.

“Me ka gani?”

“Ƙasa.”

“Na gode. Ni na ɗauka teku ce.”

Ya sa na kwaso tsofaffin kwanonin rufi da ke jingine a bayan aji, ya rufe wurin da su, ya danne da duwatsu. A ƙarƙashin mangwaro ya leƙa jug ɗin da ake haɗa ruwan tereré. An wanke shi da sabulu har yana ƙyalli, an kife shi a kan tebur.

“Wa yake wanke wannan?”

“Mai makon ruwa. Amma ban taɓa ganin an wanke shi haka ba. Matan garin nan ko tukunyar gidansu ba ta samun wannan gata.”

“Makon wa ne?”

“Fidelina. Kada ma ka fara. Komadrena ce.”

Ya ɗaga kafaɗa, ya miƙo mini ƙaho in fara sha.

*

Mun tarar da Don Herminio a gonarsa, riɗi ya nuna ya yi ruwan ƙwai, ana ta yanka ana ɗaurewa ana jinginawa. Duk wanda ya san riɗi ya san ba ya jira. Ka ƙara masa kwana biyu, kwansonsa ya tsage, ka bar wa kurciya shekararka. 'Ya'yansa huɗu suna ciki da lauje, har da ƙaramin da laujen ya kusa fin shi tsawo.

“Don Canta! Sannu da ƙoƙari. Ai da ka huta, magana ta fito fili.”

“Haka na ji. Amma in ba ita ba ce, wa kake gani?”

Herminio ya kalle ni, ya rage murya kamar mai yi mini alfarma. “To, akwai ɗan Brazil ɗin can mai waken suya. Ya daɗe yana son filin makaranta. Feshinsa har cikin aji yake shiga in iska ta juyo. Akwai kuma shi kansa Wilfrido. An gan shi yana acaba a gari ranar da ya ce ba shi da lafiya. Mutum zai iya zuba abu ya ɗan kurɓa don ya sami hutu.”

“Kai fa mai tunani ne, Don Herminio.”

“Muna dai taɓawa. Ilimin yaran nan ne yake hana ni barci.”

Na kalli yaran da iliminsu yake hana shi barci, gumi yana ɗiga daga haɓarsu. A lokacin ni ma ban ga abin da yake gabana ba.

Mun je gonar waken suyar da la'asar. Mai gonar yana Brazil tun watan jiya, mai gadinsa ya nuna mana motar feshi a kan duwatsu ba tayoyi, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Cantalicio ya ce ko ba haka ba, feshi ba ya zaɓar malami ya tsallake yaro. Muka dawo da ƙaya a ƙafa, ni ina tsine wa Herminio, shi yana ba ni labarin wani bijimi da ya bi har bakin kogi.

*

Asabar muka hau motar madara zuwa gari. Profe Wilfrido ya koma ɗakin da yake haya. Cantalicio bai ko shiga ba, ya tsaya yana kallon tsakar gidan daga ƙofar ɗaki zuwa bayi.

“Wannan mutumin bai yi wa kansa ba,” ya ce. “Dubi nan. Da gudu ya fara, ya koma jan ƙafa, nan kuma da rarrafe ya je. Mai son hutu ba ya sayen sa da tsada haka.”

Wilfrido ya leƙo, fuska kamar tsohuwar takarda. “Acaba? Ina yi, Don. Asabar da Lahadi, da duk ranar da na iya tsayuwa. Ku tambayi mai gidan nan ko albashin malami yana biyan ɗakinsa.”

Profe Liduvina tana asibiti har yanzu. Mace ce mai jiki, amma na tarar da ita kamar an zare mata iska. Tana ganina ta juya fuska bango. Wannan ya fi maganar Ofisa yi mini ciwo.

“Profe,” na ce, “ni na yi miki maganin tari bara. Kin mutu?”

“Ban san wa zan yarda da shi ba kuma, Ña Zuni.”

Cantalicio ya ja kujera. “Profe, ba ni labarin ciwonki. Duka.”

Ta yi wata 'yar dariya. “Duka? Ka zo da abincin rana? Murya tana ɗauke mini duk lokacin sanyi, saboda alli da ihu a kan yara aji uku a ɗaki ɗaya. Bayana ya tashi aiki a kan hanyar nan taku. Zazzaɓin sauro ya kwantar da ni sau biyu. In Wilfrido ya kwanta ni nake ɗaukar nasa, in na ɗauki nasa mako guda sai ni ma in faɗi. Na je wurin likita, in kwana a layi, in kai takarda ofis a kalle ni kamar ɓarauniya. Ciwonmu na gaskiya ma ya ishe mu, Don Cantalicio, ba sai an ƙara mana ba.”

“Na cikin fa? Amai da gudawa?”

“Wannan daban ne. Bara ya zo farkon shekara, sau da yawa, sai ya ɗauke kamar an kashe famfo. Bana ya dawo farkon shekara.”

“Lokacin zafinmu ke nan.”

“Na ɗauka zafin ne.”

“Ranar Alhamis, da kuka bar makaranta, lafiya kuke?”

“Lafiya ƙalau. Sai da muka shigo gari ya kama mu.”

“Kun aika wa wani a ƙauye cewa ba za ku zo Juma'a ba?”

“Da wane bakin? Ko kaina ba na iya ɗagawa. Kuma ka san ƙauyenku, sai mutum ya hau tankin ruwa waya take shiga.”

“Wilfrido fa? Direban Señora fa?”

“Babu wanda ya koma ƙauye. Ofisa ne ya fara zuwa, da safiyar Juma'a, shi ma sai da ya gama karin kumallo.”

Cantalicio ya miƙe ba ko sallama. A bakin ƙofa ya juyo. “Tambaya ɗaya. Tallafin da gwamnati take ba iyaye mata saboda yara, me yake yanke shi?”

“Fashin makaranta. In yaro ya yi ta fashi, dole in kai rahoto, a dakatar da uwar. Na dakatar da mutum biyu shekarar da na zo, har yau ba sa gaishe ni.”

“In malami ne ya yi fashi fa?”

“Ai ba laifin yaro ba ne. Ba a rubuta wa kowa komai.”

Ta faɗi haka, sai ta tsaya da baki a buɗe.

Da muka dawo, tun daga mararraba Cantalicio ya sauka daga mota. Ya bi ƙofar kowane gida mai ɗan makaranta, kansa a ƙasa, yana auna wani abu da tsinke. Matan gida suna leƙowa suna gaishe shi da murya mai zaƙi, wata har da tayin rogo da nama. A karon farko a rayuwarsa, tsohon nan ya yi tafiyar yini bai ba da labarin saniya ko ɗaya ba.

*

Lahadi bayan addu'a ya sa aka tara kowa a harabar makaranta. Ofisa Cubilla ya zo yana hamma. Profe Liduvina ta sa mijinta ya kawo ta a babur, aka ba ta kujera a inuwa. Mutanen San Optaciano suka jeru cikin kayan coci, fuskoki a wanke, kowa da tausayina a goshi.

Cantalicio ya tsaya a ƙofar shinge, ya hana kowa matsowa.

“Don Herminio, yaushe ka ji malamai sun kwanta?”

“Lokacin da kowa ya ji. Da Ofisa ya zo, wajen hantsi.”

“Kowa haka?”

Aka amsa masa kamar a coci.

“Madalla. Ƙarfe nawa ake shiga aji?”

“Bakwai,” in ji Profe Liduvina.

“To, ranar Juma'a da sassafe babu wanda ya san komai. Ranar makaranta ce kamar kowace. Yara sun yi wanka, sun zo nan, sun tarar da ƙofa a kulle, sun koma. Ko ba haka ba?”

Ya sa sanda ya ture kwanonin rufin ɗaya bayan ɗaya.

“Ofisa, zo ka ƙirga. Ba wuya, ko kai za ka iya.”

Ofisa ya sunkuya. “Sawun yara. Uku.”

“Uku. Biyu ba takalmi, na 'ya'yan Don Aparicio ne, kurman da ba ya zuwa taronku, ba kuma mai wahalar da kansa ya gaya masa komai. Na uku silifa ce mai ɗinki a dunduniya.” Ya nuna Noelia da sanda. “Ɗaga ƙafarki, yarinya.”

Noelia ta ɗaga. Ni na yi ɗinkin da zaren buhu.

“Wannan ta zo, ta tsaya, ta zagaya ta leƙa taga, ta dawo ta zauna a kan dutsen nan tana jira, ga inda ta yi ta wasa da ƙafa. Matar da ta zuba wa malamai guba jiya ba ta tashin jikarta da asuba ta turo ta jiran su yau. Zunilda muguwar baki gare ta, amma ba ta kai nan a wauta ba.”

“To sauran yaran fa?” in ji Ofisa.

“Na bi ƙofa ƙofa. Daga ɗaki sai gona. Ba wanda ya ko karkata ya nufi nan. Sawunsu yana kan ƙasa mai laima, tare da na iyayensu, tun rana ba ta busar da ita ba. Yanzu wani ya gaya mini yadda ƙauye guda ya yi mafarki iri ɗaya a dare ɗaya.”

Kowa ya kau da ido. Har kukan kurciya a gonar Herminio ana ji.

“Riɗi ya nuna,” in ji Cantalicio. “Kuna buƙatar hannu. In kun hana yaro zuwa, a yanke tallafi. In malami ya kwanta, yaro yana gona, tallafi yana aljihu. Sai kuka mai da abin juyi-juyi, kamar yadda kuke yi wa juna gayya. Mai makon ruwa shi ne mai makon binidazugu. Kuka kuma kai ƙarar su gari don kada a ce ba ku damu ba. Abin da ba ku lissafa ba shi ne baƙuwa za ta zo, kuma a ƙasar nan ba a tsallake baƙo da ƙaho. Ña Fidelina, kina tsaye a wurin, ko? Kina kallo ta sha.”

Fidelina ta fashe da kuka. “Me zan ce? In fizge daga bakinta?”

“Rufe bakinki, mata!” in ji mijinta, amma ya makara.

Daga nan aka shiga abin da mutanenmu suka fi ƙwarewa a kai. Wannan ya ce shi bai taɓa zubawa ba, ji kawai ya yi. Waccan ta ce rabin ƙwaya ta sa, saura ne suke cikawa. Wani ya ce matarsa ce, matar ta ce uwarsa ce ta koya mata. Don Herminio ya ɗaga hannu biyu kamar mai wa'azi.

“'Yan'uwa, a yi hankali. Ofisa, ka fahimce mu. Wankin ciki ne kawai. Kakanninmu ma suna sha. Kwana biyu mutum ya tashi garau. Ba wanda ya yi niyyar cutarwa. Talauci ne, Profe, ke ma kin sani.”

Profe Liduvina ta dafa kafaɗar mijinta ta miƙe. Muryarta ba ta fita sosai, sai da aka yi tsit.

“Shekara biyu kuna kirana maƙaryaciya a gaban 'ya'yanku. Kai, Herminio, har gida ka zo duba ni bara, da kaza a hannu.”

“Da zuciya ɗaya na kawo ta, Profe.”

“Na sani. Na ci, na gode maka.”

Ofisa Cubilla ya cire hula ya sosa kai. Ɗakin tsare mutane a ofishinsa mutum uku yake ɗauka, shi ma in sun saba da juna. Ya ce zai rubuta, ya ce manya za su duba, ya ce kada kowa ya bar gari, kamar akwai mai barin riɗi a tsaye. Sannan ya juyo gare ni, ya ce in kwance kayana, ba mai zuwa Litinin.

Ban yi murna ba. Na ɗauka zan yi, amma abin da na ji ƙyama ce, irin ta wanda ya ɗaga murfin tukunyar da ya daɗe yana ci daga ciki.

*

Ina jan hannun Noelia za mu fita, Fidelina ta sha gabana. Ido ya kumbura, ɗankwali ya zame.

“Komadre.”

“Matsa.”

“Komadre, ki saurare ni don Budurwa Maryamu. Ba mu so ya kai haka ba. An zauna an duba. Aka ce ke tsohuwa ce, ba za su riƙe ki da yawa ba, wata biyu ko uku. In mu ne, tallafin kowa ya tafi, a rufe makarantar ma.”

“An zauna.”

“Ni na ce a'a da farko, na rantse.”

“A ina aka zauna?”

“A gidana. Ranar Juma'a, da Ofisa yana shan ruwa a shago. Amma komadre, ba mu manta da yarinyar ba. Ni na tashi na ce ba hukumar da za ta ɗauke ta. 'Yata ce ta baftisma. Da ni zan riƙe miki ita, kamar tawa.”

Na kalli hannayen Fidelina, duk tsagar lauje. Na kalli 'ya'yanta mata biyu a bayanta, wuyansu ya ƙone da rana, babbar shekararta goma sha biyu kuma har yau da yatsa take bin harafi.

“Na yarda,” na ce. “Kamar taki za ki riƙe ta. Riɗinku na gefen rafi bai gama nuna ba, ko? Da kin sami ƙarin hannu biyu daidai lokaci.”

Ta rufe fuska da ɗankwali.

Noelia ta ja ni. “Kaka, uwar baftisma kuka take yi. Ba za mu gaishe ta ba?”

“Ba ki da uwar baftisma,” na ce mata. “Zo mu je gida, ki wanke ƙafa. Gobe akwai makaranta.”